Gafarar da Fasto Tarver Ya Kai Asibiti

Fasto Cleophus Tarver yana kokawa da maɓallin baƙar kwat ɗinsa ta zuwa jana'iza, matarsa Ozella ta tsaya a bakin ƙofa da ludayi a hannu.

"Yau fa Asabar, ranar wasa," in ji ta. "Wa zai yi wa yaran kwalejin addu'a kafin su shiga fili?"

"Kocinsu ya iya Addu'ar Ubangiji. Rabinta dai."

"Tabɗi! Mutumin da ya kashe maka kunne za ka je dubawa?"

"'Yarsa ce ta bugo waya. Ta ce sunana yake ta kira."

Dewitt Spradlin ake nufi. Lokacin Tarver yana saurayi, baƙar fata ba ya kallon ƙwallon Amurka, wadda ake jifa da hannu, a filin kwalejin sai daga bayan shinge. Wata rana shi da abokansa suka sayi tikiti, suka zauna ɗaram a tsakiyar fararen fata. Spradlin ya sauko musu da ƙotar gatari, daga ranar kunnen hagun Tarver ya ajiye aiki. Duniya ta juya, jiharsu Alabama ma ta juya, ko da yake da ƙyar, har Tarver ya zama faston ƙungiyar ƙwallon. Spradlin kuwa ya yi arziki da sayar da motoci, yana zama a kujerun manya. Ko gaisuwa ba ta taɓa haɗa su ba.

Fiye da shekara hamsin Tarver yana wa'azin gafara, jama'a suna cewa amin. Amma tasa gafarar tana nan ajiye, bai ba wa mai ita ba. Gaskiyar magana, so yake a roƙe shi. Sau ɗaya tak, kafin ɗayansu ya mutu.

A asibiti ya tarar da Spradlin ya motse kamar busasshiyar kuɓewa, ga roba a hanci, ga talabijin an kunna, 'yan wasa suna fitowa. Marlene, 'yar tasa, ta fita ta ja ƙofa a hankali.

"Mai wa'azi! Matso nan," in ji Spradlin. "Akwai abin da ke cin raina, ya hana ni barci."

Tarver ya ja kujera, ya juyo da kunnen dama.

"Ina jin ka, Mista Spradlin."

"Gwiwar yaron nan mai jefa mana ƙwallo. Kai kana shiga ɗakin da suke canza kaya. Jarida ta ce ta warke. Tsakaninka da Allah, ta warke?"

Tarver ya dube shi, ya dubi talabijin.

"Ta warke."

"Madalla! Yanzu ka yi magana."

"Mista Spradlin, ka gane ni kuwa?"

"Wa bai san ka ba? Kullum kana gefen fili da Littafi a hammata."

"Kafin nan nake nufi. Ranar da muka zauna a kujerunku. Ƙotar gatari."

Tsohon ya yamutsa goshi, ya shiga tunani tsakani da Allah, ba wai basarwa ba. Wannan ne ma ya fi yi wa Tarver ciwo.

"Kai, irin ranakun nan suna da yawa, ku ma kuna da yawa. Da wa muka buga?"

Tarver ya gaya masa.

"Af! Na tuna. Mun sha kashi ranar. Alƙalin wasan nan ɓarawo ne."

Tarver ya ɗauki hularsa. Ya yi niyyar tashi, sai aka busa usur, Spradlin ya cafke masa hannu da 'yan yatsunsa masu sanyi. Haka suka kalli wasan. Da yaron ya ruga da ƙwallo, gwiwa lafiya ƙalau, Spradlin ya yi ihu har tari ya sarƙe shi, Tarver kuma ya ji bakinsa yana cewa, "Gudu, ɗana, gudu!" Ya ji haushin kansa ba kaɗan ba.

Kafin a tafi hutun rabin lokaci tsohon ya yi barci, baki a buɗe. Tarver ya zare hannunsa, ya tsaya a kansa jim kaɗan, ya faɗi wata magana ƙasa-ƙasa, ya fito.

Marlene tana zaune a baranda, ita ma furfura ta cika mata kai. Ta miƙe da sauri.

"Fasto, na san abin da Baba ya yi maka. Muna yara har labarin yake ba mu a wurin cin abinci, yana dariya. Da na ji yana kiran sunanka, na ce to, Allah ya taɓa zuciyarsa." Idonta ya ciko. "Yaya kuka yi?"

"Na yafe masa, baiwar Allah."

"Ya roƙe ka?"

Tarver bai saba ƙarya ba, kuma ya tsufa da koyon sabon abu. Ya sa hularsa.

"Bai samu sarari ba," ya ce. "Ana wasa."