Takardar da Ta Fito da Malam Saleh

Mu bakwai ne a reshen ƙungiyar 'yan jarida na Nguru da Gashua, kuma tsakani da Allah babu wanda ya kama ƙafar Malam Saleh a wajen aiki. Matsalar dai ɗaya ce, Malam Saleh ba ya cikin bakwai ɗin.

Ni Ikrima ni ne sakatare, don haka a hannuna takardunsa suke mutuwa. Sau huɗu yana neman katin ƙungiya, sau huɗu ina mayar masa. Dokarmu ta ce sai mutum ya kawo takardar ɗaukar aiki, shi kuwa gidan rediyon da yake aika wa rahoto a Kano bai taɓa ba shi ko ƙyallen takarda ba. Shekara goma sha ɗaya yana naɗar muryarsa a kaset, ya ba direban motar Kano, bayan kwana biyu duk gari a ji shi. Abin da yake ci da iyalinsa kuwa rumfar sayar da kaset ce kusa da tashar jirgin ƙasa. Mu masu kati muna zaune a inuwar sakatariya muna jira a buga jawabin kantoma mu kwafa. Katin nan shi kaɗai yake nema a wurinmu, kuma wallahi duk ranar da ya zo sai na ji kunya.

A daminar 1996, lokacin mulkin soja, aka kawo takin manoman shinkafa, aka yi biki, muka ɗauki hoto. Malam Saleh bai zo bikin ba. Bakin hanya ya je ya zauna kwana uku yana ƙirga tirelolin takin da suke juyawa arewa maimakon su sauke wa manoma, ya samu bakwai, ya naɗi muryar manoman da ba su ga ko buhu ɗaya ba. Ranar Laraba aka sa rahoton, ranar Alhamis da hantsi aka zo rumfa aka tafi da shi Gashua.

Matarsa Bintu ce ta same ni a ofis. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi.

"Sakatare, kullum yana cewa ku ne 'yan uwansa. To ga shi an tafi da ɗan uwanku."

Muka kira taron gaggawa. Shugabanmu Alhaji Abdulrauf, mutum mai son jawabi, ya yi awa guda yana magana a kan 'yancin faɗin albarkacin baki, tagogi a rufe. Daga ƙarshe muka rubuta takardar koke mai zafi, muka kira Malam Saleh jajirtaccen ɗan jarida. Da na buga kalmomin sai da na tsaya na kalle su, don ban taɓa ganin su kusa da sunansa ba.

Washegari ni da Alhaji muka shiga motar Gashua. Jami'in da yake tsare da shi ya karɓe mu da fara'a, har ya sa aka kawo mana ruwan sanyi. Alhaji ya sa hannu a aljihu zai zaro takardar koken, sai mutumin ya riga shi magana.

"Kafin ku ce komai, bari in faɗa muku inda aka tsaya. In ɗan jarida ne, ya fi ƙarfina. Umarni daga sama yake, gobe mota za ta tafi da shi, inda za a kai shi ni ma ban sani ba. In kuwa wani mai surutu ne da ya samu rikoda, wannan jan kunne ne, a nan zai ƙare. Ku ne ƙungiya. Naku ne?"

Na ga hannun Alhaji ya fito daga aljihu babu komai. Ya yi gyaran murya ya ce, "Yallaɓai, a ba mu awa ɗaya."

A bakin kotu akwai masu tafireta a ƙarƙashin bishiya. Na ari ta wani dattijo na buga da hannuna a kan takardar ƙungiya: cewa Saleh na Nguru ba ɗan ƙungiyarmu ba ne, ba ɗan jarida ba ne, bai taɓa yin aikin jarida ba, mai sayar da kaset ne kawai. Alhaji ya ce yatsansa yana ciwo, in sa hannu a madadinsa. Na sa, na buga hatimi.

Aka fito da Malam Saleh, babu hula, ido ya faɗa. Jami'in ya miƙa masa takardar ya ce ya karanta ya sa hannu a ƙasa. Ya karanta a hankali har sau biyu. Ni dai ƙasa nake kallo. Ya sa hannu, sannan ya ce, "Yallaɓai, ko zan samu kwafi?"

A mota muna komawa Nguru ya ninke kwafin ya sa a aljihun gaba. Ya ce, "Na gode, Sakatare." Na so a ce zagina ya yi.

Labari ya bazu cewa ƙungiya ta tsaya tsayin daka ta ƙwato ɗan jarida daga hannun soja. Ba mu ƙaryata ba. Da farar hula suka dawo har allon yabo aka ba ni a Damaturu, aka tafa, na yi jawabi, kuma jawabin ya yi daɗi. A dalilin wannan suna aka ba ni kujerar jami'in yaɗa labarai, wadda sai mai kati yake zama a kanta.

A shekarar 2001 aka sassauta doka. Duk wanda ya shekara goma yana aika rahoto, in yana da shaidu, a ba shi kati. Ni da kaina na je rumfa na faɗa masa, na cika masa takarda ta biyar. Ya ɗinka sabuwar riga saboda ranar.

A wani aji na makarantar firamare a Gashua kwamitin tantancewa ya zauna. Alhaji Abdulrauf ya riga ya shiga siyasa, wadda ta gaje shi Hajiya Safiyatu ce, mace mai gaskiya irin wadda take sa mutum ciwon kai. Ta buɗe fayil, ta yi ta juyawa, sai ta tsaya. Tsinanniyar ɗabi'ata ta sakatare, ban taɓa yar da kwafin komai ba.

Ta karanta takardar nan da na buga a bakin kotu a bayyane tun daga sama har ƙasa. Sannan ta ɗago.

"Malam Ikrima, wannan sa hannunka ne?"

"Nawa ne, Hajiya. Amma lokacin…"

"Na san lokacin, ni ma ina ƙasar. Tambayata ɗaya ce. In abin da ke ciki gaskiya ne, ba za mu ba shi kati ba. In ƙarya ne, ka san hukuncin wanda ya buga hatimin ƙungiya a kan ƙarya, nasa katin ake karɓa. Wanne ne?"

Na san amsar, kowa a ajin ya san ta. Kalma ɗaya ce. Na buɗe baki, sai kujerata da 'ya'yana shida suka faɗo mini a rai, na mayar da shi na rufe. Wannan kaɗai ya isa a gane ni.

Malam Saleh ya miƙe daga bencin yara, ya gyara sabuwar rigarsa.

"Hajiya, kada a wahalar da Sakatare. Abin da ya rubuta haka yake. Ga sa hannuna nan a ƙasa, ba wanda ya riƙe mini alƙalami."

Hajiya ta juya wurinsa. Ta ce, "Malam, ka tabbata?"

"Na tabbata. In babu sauran magana a yi mini izini, ruwa ya ci gonaki a Jakusko, kuma akori-kurar ƙarshe ƙarfe biyu take tashi."

Ya rataya rikodarsa ya fita. Hajiya ta turo mini littafin taro ta ce in rubuta an ƙi amincewa, tunda ni ne sakatare. Na rubuta.