Fitilar da Baba Ke Jira

Dusar ƙanƙara na tsagaitawa da safe, Sumire ta fita bayan gida da tsintsiya da tsohon ludayi. Ɗan layin dogon wasa na babanta ya nutse gaba ɗaya, amma ta san inda yake ko da ido a rufe. Daga gindin baranda yake tashi, ya zaga bishiyar 'ya'yan itacen da ake kira kaki, ya haye 'yar gadar da ke kan kududdufin kifi, ya shige kogon duwatsu, ya dawo. Faɗinsa bai wuce yatsu uku ba. Akwai 'yar garmar da ake ɗaura wa kan jirgin a gaba don ture ƙanƙara, sai dai wadda ta zubo jiya ta fi ƙarfinta. Dole ta durƙusa ta kwashe da hannu.

Yau Yaya Noboru zai zo daga birnin Sendai, kuma ba zumunci ne zai kawo shi ba. Ya samo wa Baba gurbi a gidan kula da tsofaffi, masu gidan suna jiran amsa. Shi ne babban ɗa, in ya ce a tafi, babu wanda zai saurari Sumire a dangi.

"Likita ya ce babu kowa a ciki," haka ya faɗa mata a waya. "Gangar jiki kike yi wa hidima."

"Zo ka gani da idonka," ta ce.

"Zan zo. In ban ga komai ba, ki haɗa masa kayansa."

Baba Isamu direban jirgin ƙasa ne har ya ajiye aiki. Da ya ajiye, sai ya shimfiɗa nasa layin a lambu, ya haɗa masa komai: 'yar tasha mai rufin kwano, tarago mai soso a ciki da ke goge ƙarafan in an ja shi, da fitilar sigina mai ido biyu, ja da kore, daidai saitin tagar ɗakinsa. Daga baya ciwon shanyewar jiki ya ɗauke masa magana da ƙafafu. Sumire ta bar aikin koyarwa a birni ta dawo ƙauyen da rabin gidajensa ke kulle. Wata rana har rana ta faɗi ba ta ji muryar mutum ba in ba tata ba. Ba ta taɓa gaya wa kowa ta gaji ba, kuma duk wanda ya kira don ya tausaya mata, gajarta hirar take yi.

Abu ɗaya ya rage wa Baba. Direbobin jirgi ba sa tashi sai sun nuna fitila da yatsa, sun faɗi abin da suka gani da baki. Duk lokacin da ta tsayar da ɗan jirgin a tasha ta danna makunni, ja ta koma kore, yatsan Baba na dama yakan ɗago daga kan bargo ya nuna, leɓensa ya motsa. A nan ne take ganin babanta.

Ta gama share layin, ta zagaya da taragon soso har ƙarafan suka yi ƙyalli. Ta shiga ta yi wa Baba wanka, ta aske masa gemu, ta tura kujerarsa gaban taga. Tana cikin yanka albasar miya ta ji tsayuwar mota. Ko fitilar ba ta kai ga gwadawa ba.

Noboru ya shigo yana kakkaɓe kafaɗa. "Kai, wannan gari! Har yanzu mutane na zama a nan da gangan?"

"Sannu da hanya, Yaya. Tumbin nan fa, a mota ɗaya kuka zo?"

"Bakin nan dai bai daskare ba." Ya tsuguna gaban kujerar. "Baba, ni ne. Noboru ne."

Idon Baba na kan lambu. Noboru ya jira, ya miƙe, ya kalli ƙanwarsa. Sannan ya zuge ƙofar baranda ya ɗauki akwatin sarrafa jirgin.

"To, shugabar tasha, bari mu ga abin mamakin."

"Tsaya, Yaya, ba haka ake..."

Ya riga ya murɗa. Ɗan jirgin ya zabura daga tasha, ya wuce fitilar tana ja, ya nufi gada a guje. Wani gurnani ya fito daga ƙirjin Baba, irin wanda Sumire ba ta taɓa ji ba. Ya runtse ido, kansa ya karkace, ruwa ya gangaro masa a kunci.

Noboru ya saki akwatin. "Kin gani? Wannan ne abin da kika kira ni in gani? Azaba kike ba shi, Sumire."

"Kai ka ba shi. Ka ƙetare masa jar fitila."

"Abin wasa ne fa!"

"Je ka gaya masa."

Ta ɗauki akwatin, ta dawo da jirgin da baya a hankali har ya tsaya a tasha. Ta danna makunnin fitila. Ja. Ta sake dannawa. Ja dai. Ruwan da ya narke lokacin da take shara ya shiga ɗan akwatin da ke gindin fitilar ya daskare.

"Ya isa haka," Noboru ya ce, muryarsa ta sauka. "Kin yi iya yinki. Babu wanda zai zarge ki."

Ta zura takalman baranda ta sauka. Ta durƙusa a cikin ƙanƙara, ta cire safar hannu, ta rungume ɗan akwatin da tafukanta, ta sa baki tana hura masa numfashi. Sanyi ya ratsa wandonta ya kama gwiwa. Yatsunta suka yi zafi kamar an soka musu allura, daga nan ta daina jin su.

"Ki shigo, za ki kashe kanki a banza!"

"Yatsanka a kan makunnin, Yaya. In na ce danna, ka danna."

Ya danna, ja. Ta ƙara hurawa. Dusar ta fara zubowa kuma, tana sauka mata a wuya. Ta taga tana hango Baba ya buɗe ido, ya kafe su a kan jar fitilar, yana jira kamar yadda ya jira dubban irinta a rayuwarsa.

"Danna."

Wani abu ya yi ƙas a cikin tafinta. Fitilar ta koma kore.

Sumire ba ta kalli babanta ba. Yayanta ta kalla. Ta ga lokacin da ya juya wajen Baba, ta ga bakinsa ya buɗe. A bayan taga yatsan Baba ya ɗago, ya miƙe sosai ya nuna fitilar, leɓensa na faɗin abin da babu mai ji.

"Yanzu ka tayar da shi," ta ce. "A hankali."

Jirgin ya zagaya lambun sau ɗaya, Noboru na riƙe da akwatin da hannu biyu.

Bai tsaya cin abinci ba, ya ce yana tsoron hanyar dutse ta rufe. A bakin ƙofa, yana ɗaura igiyar takalmi, ya ce, "Zan ce musu su ba wani gurbin." Ya ɗago. "Amma kin san in gurbin ya tafi ba lalle a sake samu ba. Ke fa?"

"Ni me?"

"Ke kaɗai, a nan."

"Ka gaishe da mutanen gida, su Hinata. Ka tuƙa a hankali."

Ta tsaya har ƙarar motar ta ɓace a gangare. Ta koma kicin ta tsoma hannuwanta a ruwa mai ɗumi, jini na dawowa, zafin ya sa ta cije leɓe. Kwanukan miya uku ne a jere a kan tire. Ta ɗauke ɗaya ta mayar kabad, ta zuba biyu, ta ɗauki cokalin Baba.