Luguden Zulai

Bikin Fiddausi ya matso, amma a gidansu da ke Anka an kasa tsai da wanda zai yi wasa ranar wuni. Zayyad, yayan amarya, ya riga ya yi magana da wani di-je a Gusau mai manyan lasifikoki, sai mahaifiyarsu, Inna Ramlatu, ta ce ba a gidanta ba.

Dalilinta Zulai ce, ƙanwar amarya. Tana goye gubar dalma ta shiga ƙauyensu Abare, lokacin da ake niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje. Allah ya yi da sauran kwananta, ta girma har ta zama budurwa, sai dai magana ba ta zauna mata ba, kuma da ta ji ƙara mai ƙarfi sai ta toshe kunne, jikinta ya ɗauki rawa har ta faɗi. Duk bikin da aka yi a dangi, gidan maƙwabta ake kai ta.

"Wanga karon ba inda za a kai ta," in ji Fiddausi. "In ba ta zauna ba, ni ma ban zama."

Zayyad ya je Gummi wajen masu kalangu, suka ce su ba sa wasa sai da lasifika. Masu mandiri ma haka. Ya dawo a gajiye, sai wata goggonsu ta ce ya nemi Asabe mai lugude a Bukkuyum.

Ya same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, doguwar dattijuwa mai ƙaramar murya. Ta saurari bayaninsa har ƙarshe ba ta katse shi ba.

"Kuna da turame?" ta tambaye shi.

"Akwai, Inna. Amma mi za mu tanada na kiɗa?"

"Gero. Ku tara turamen unguwa, ku samo gero."

Ranar wuni bayan azahar ta iso a bayan babur, ba ta riƙe da komai sai taɓaryarta da ta yi baƙi don daɗewa. Dangin ango da suka zo daga Gummi cikin leshi da gwala-gwalai suka dubi turamen da aka jera, suka dubi juna. Wata ta ce a hankali, ashe surfe aka gayyato su.

Asabe ba ta kula ba. Ta zaɓi mata daga ɓangaren amarya da na ango, ta tsai da su bibbiyu a kan kowane turmi, ta nuna wa kowacce inda za ta shigo. Suka fara a sannu. Wannan ta sauke, waccan ta ɗaga, har sautin ya haɗu ya zama kiɗa mai taushi da ake ji a tafin ƙafa kafin kunne.

Ana cikin haka ta ɗaga hannu, kowa ya tsaya. A bakin ɗakin Inna Ramlatu, Zulai na zaune da ƙwarya a kife, tana buga ta da ludayi. Inna Ramlatu ta yunƙura za ta karɓe, don haka take yi kullum in an yi baƙi.

"Bar ta, Hajiya," in ji Asabe.

Ta tsaya ta kasa kunne. Bugun ba irin wanda aka saba ba ne, yana tafiya sai ya ɗan yi jinkiri, ya dawo da sauri. Asabe ta sa taɓarya ta bi shi, da jinkirin da saurin duka. Ta yi wa turmi na kusa alama ya shigo, sannan na bayansa, har matan gaba ɗaya suka hau kan bugun Zulai. Sai Asabe ta buɗe baki, kuma muryar da ta fito ba ta yi kama da wadda Zayyad ya ji a Bukkuyum ba. Ta cika gidan ba tare da ta yi ihu ba.

"Ƙanwar amarya ta ba mu hanya,
mu bi ta sannu, gero ya yi fari."

Zulai ta ɗago kai. Ta rage gudu, turame suka rage. Ta ƙara, suka ƙara. Ta dubi matan ɗaya bayan ɗaya, ta gane ita suke bi. Ta ajiye ludayin, ta taso ta ratsa tsakiyar taro, Asabe ta miƙa mata taɓaryarta.

Ba wanda ya taɓa ganin ta yi daka. Ta sauke taɓaryar daidai, ta sake saukewa, can ta cilla ta sama, ta tafa, ta cafe ba ta ɓata bugun ba. Mata suka kasa ko guɗa don mamaki. Matar nan da ta yi maganar surfe ta dafe ƙirji tana salati. Maza da ke zaure sun bar hira, sun tsaya bakin ƙofa ba mai motsi.

Da Asabe ta kai ƙarshen baiti ta yi shiru, ta bar wurin amshi a buɗe. Zulai ta cike shi da sunan yayarta yadda take iya faɗa, "Fiddo," ta ja shi da tsawo a kan kiɗan. Matan suka amsa mata. Fiddausi ta yaye mayafi ta fito daga cikin ƙawayenta, hawaye na wanke mata kwalliya, ta karɓi taɓarya ta tsaya a turmi ɗaya da ƙanwarta. Haka suka yi ta yi har aka kira la'asar.

Da taro ya lafa, Zayyad ya sami Asabe tana wanke hannu a gindin randa. Ya durƙusa.

"Inna, yaya kinka san za ta iya?"

"Ban sani ba, ɗana," ta ce, muryarta ta koma ƙarama. "Tun ina yarinya nake lugude, ban taɓa jin wanga bugu ba. Na so in koya ne."

Ta yarfe ruwan hannunta, ta ce a nuna mata inda za ta yi salla.