Ranar da Wutar Layi Ta Yi Tas

Tun ranar da ma'aikatan lantarki suka kafa wani farin akwati a jikin turken ƙofar gidanta, Yaya ba ta ƙara sakin jiki da kowa a layin ba. Wai na'ura ce mai auna lafiyar wuta. To, wa ya kira su? Ruwa ai ba ya tsami banza.

Gaskiya wutar ta daɗe tana wasa da mutane. Ƙwan fitila ya yi ta ƙifta ido, fanka ta yi ta gurnani, firjin mai kanti ma ya ƙone. Manyan injuna uku ne a layin: na niƙa, na yankan katako, sai na waldar ƙaninta Auta, kuma kusan tare suke tashi da safe. Ba wanda ya san mai laifin, amma Yaya na tsoron kada a ce injin Auta ne. Ita ta raini Auta, shagon nan kuwa shi ne cinsa, shi ne shansa, shi da iyalinsa.

Mai kanti ta fi zargi da kai ƙara, don gaisuwarsa ta cika tsawo kwanan nan.

"Yaya, an tashi lafiya? Yaya Auta da aiki?"

"Shi kake tambaya ko aikin?"

Ya yi dariya. Ita ko murmushi ba ta yi ba.

Da ta ji injiniya na tafe duba akwatin, sai ta tare Auta a ƙofar shago.

"Rufe wurin nan har ta zo ta tafi. Wanda aka kama, yanke masa wuta za a yi."

"Yaya, ƙofofin mutane fa na jirana."

"Su jira. Mai bincike ba ya kama abin da bai tarar ba. Kai da ko ƙarya ba ka iya ba, tafi gidan surukanka ka sha iska."

Ya sa kwaɗo ya tafi. Kwana da kwanaki ƙwai bai ƙifta ba, Yaya na zaune a dakali tana yaba wa kanta.

Injiniyar ta zo, 'yar siririya mai fara'a, fara'ar da Yaya ba ta yarda da ita ba. Ta gaishe ta, ta zauna kusa da ita, ta buɗe kwamfuta.

"Mama, kin ga zanen nan? Wuta mai lafiya sumul take tafiya. Dubi nan kuwa, haƙora kamar na zarto. Shi muke kira dattin wuta. Mun rasa injin da ke zubo shi, don tare suke aiki. Sai ga shi kwatsam ta yi tas, alhali ga niƙa ina ji, ga katako ina ji."

Injiniyar ta ɗaga kai, idonta ya sauka a kan kwaɗon shagon Auta.

Yaya ta dubi akwatin. "Ashe ba sai kin zo yake gani ba?"

"Ba ya hutawa, Mama. Kome ya gani yana aika mana ofis."

"To wa ya kai ƙararmu?"

"Ba kowa. Kowane layi mun sa masa irinsa."

Kafin la'asar an cire wayar shagon daga turke, sai ranar da aka sa wa injin matatar da za ta tare dattin. Motar ma'aikatan na shan kwana, sai ga Auta yana karkaɗa mabuɗi.

"Ta tafi, Yaya? In buɗe?"

Ta matsa masa wuri a dakalin. "Zauna tukuna, Auta."