Fumfunar Ɗakin Baya

Tun kafin ta zare kwaɗon, Auta ta ji warin. Ɗakin baya na gidansu kullum ƙamshin jiƙaƙƙen ɓawon itace yake yi, yau kuwa warin ruwan wanke banɗaki ne ya tare ta. Ta tura ƙofa. Farantan robar da ta jera a kan katako suna nan a sahunsu, sai dai an wanke su tas. Farin zaren fumfunar da ta yi watanni tana lallaɓawa a jikin ɓawon babu ko silinsa.

Ta durƙusa ta sa gilashin ƙara girma a ido. Irin furen okid da ta shuka a farantan kamar ƙura yake, ba ya zuwa duniya da guzuri irin na wake ko masara. Sai fumfuna ta ratsa cikinsa ta naɗe kamar ƙulli, shi kuma ya narkar da ita ya ci, sannan ya tsiro. A kan haka take bincikenta na digiri na biyu. Fumfunar kuwa daga gindin wasu itatuwa ta kwaso ta, waɗanda tuni masu aikin titi suka tumɓuke. Yau da yamma Farfesa zai zo ya gani da idonsa. In babu tsiro, babu bincike, kuma ta riga ta yi wa Yaya alkawari in haka ta faru za ta sakar masa ɗakin ya zuba kayan shagonsa.

Ba ta yi kuka ba. Ta rufe ɗakin ta nufi bakin titi.

Yaya na tsaye a ƙofar shago yana duba tayoyin da aka sauke masa. Da ya hango ta sai ya washe baki.

"A'a, Dakta! Yau an fito shan iska? Ya jariran naki, sun fara tafiya?"

"Ina mukullin da ke hannunka, Yaya?"

"Wane mukulli?"

"Na ɗakin baya. Jiya na ga ka da mai awo kuna zagaya tagar."

"To laifi ne mutum ya auna ɗakin ubansa?" Ya jingina da tayoyin. "Ke dai faɗi gaskiya, abin ya ƙi ko? Dama na gaya miki. Shukar da ba ta iya ciyar da kanta, sai an ba ta a baki. Kun dace, wallahi, cima-zaune ta samu 'yar'uwa."

Ta zuba wa hannayensa ido. Baƙin mai ne har cikin farce. Ta matsa kamar za ta wuce, ta shaƙi rigarsa: roba da gumi. Wannan bai wanke shi ba a wurinta. Mutum na iya aika matarsa. Ita matar tasa, Anti, ta sha cewa ɗakin nan ne ke jawo musu sauro.

"Ka ci ɗakin," in ji Auta, "amma ka sani na san abin da aka yi."

"Me aka yi?" Murmushin ya bar fuskarsa. "Ke, Auta! Me aka yi?"

Ba ta waiwayo ba. A hanya ta riƙa jera su a ranta ɗaya bayan ɗaya: Yaya, Anti, har maƙwabcin da ya taɓa tambayarta ko wani abin sha take nomawa a ɓoye.

Da ta koma gida ta tarar da ɗakin a buɗe. Sai yanzu ta tuna mahaifiyarsu ma na da mukulli. Umma ce a ciki, zaune a kan kujerar tsuguno, kwanon abinci a rufe a gefenta kamar yadda take kawo mata kullum. Tana shafa man kitso a yatsunta. Fatar ta yi fari ta tattare, wani wurin har ya tsage.

"Yauwa, ina ta nemanki," in ji Umma. "Kin gani? Tun da asuba nake fama. Fumfuna ta cinye miki kaya kaf, ke ba ki lura ba, karatu ya sha miki kai. Na ce ina, babban mutum ba zai shigo ya ce 'yata ƙazama ce ba."

Auta ta dafa katakon.

"Saura ɗaya," Umma ta nuna saman kabad da haɓa. "Gwiwar nan ta hana ni hawa. Sauko min da shi in ƙarasa kafin ya iso."

Auta ta taka kujera ta sauko da farantin da hannu biyu. Ɓawon na nan a jiƙe, lulluɓe da farin zare. A tsakiyarsa, 'yan ƙwayoyin iri farare kamar kan allura sun kumbura, sun fara tsiro.

"Wannan a bar shi, Umma."

"Da dattin?"

"Ba datti ba ne. Abincin irin ne. Ita ke ciyar da shi."

Umma ta dubi farantin, ta dubi wankakkun da ke jere, ta dubi yatsunta. Auta ta jawo ɗan mayafi ta rufe sahun wankakkun.

"Ɗaya ma ya isa a nuna wa Farfesa," ta ce, ba tare da ta tabbata ba.

"Ita fumfunar," Umma ta tambaya a hankali, "me take samu a wurinsa?"

"Yanzu? Ba komai. Sai ya yi ganye tukuna. Wani ma har abada."

"To, ta iya haƙuri."

Umma ta buɗe kwanon ta tura mata gabanta. A waje aka ji motar Farfesa ta tsaya. Auta ta zauna a ƙasa, farantin a cinyarta, ta kai loma ɗaya baki kafin ta tashi.