Gangar Waken Keziah

Tun kafin hantsi mutum goma sha huɗu suka cika filin Zebulon Tarbox da gatura da hayaniya. Gayyar ɗaga gida ce. A bakin kogin Muskingum yini ɗaya tak maƙwabta ke ba mutum, la'asar na yi kowa ya kama hanyar gonarsa, wani mil goma, wani fiye. Sama kuwa ta haɗe rai tun jiya, kowa ya san dusar ƙanƙara na tafe.

Zebulon tsohon soja ne. Shekara shida ya yi yana kaɗa ganga a yaƙin da aka kori Turawan Ingilishi daga ƙasar, ya fito da takardar wannan fili da ƙafa ɗaya da ba ta lanƙwasuwa. Matarsa Keziah na da cikin wata takwas, kuma har yau a rumfar rassa suke kwana, gefe guda a buɗe. In gidan nan bai rufu yau ba, a rumfar za ta haihu.

Aiki ya yi daɗi da farko. Gungume na hawa kan gungume, ɓawon itace na tashi, ƙamshin naman barewa na fitowa daga tukunyar Keziah. Zebulon sai zagaye yake yana dingishi, baki har kunne.

"Kofur, matsa mana!" in ji Phelim Doran, mutumin Ailan, daga saman kusurwa inda yake sassaƙa gurbi. "Ko mu ɗora ƙafar nan taka a bango? Ta fi wannan itacen miƙewa!"

Aka kwashe da dariya, har da Zebulon.

Sai aka zo kan babban gungumen da zai ɗauki rufi. An jingina sanduna biyu da bango, za a tura shi sama da gwafa. Nan fa ake yin ta. Jamusawa huɗu na ƙirga da yarensu, su tura a kan uku. Mutanen Phelim kuwa sai sun ce uku, sun ja numfashi, sannan su tura. Sauran kowa da nasa. Gungume ya hau a karkace, ya yi tsaye, ya gangaro. Saura ƙiris ya murƙushe Dietrich Vogel, babban Jamusawan.

Aka sake, ya sake gangarowa. Aka hau zage-zage da yare uku. Ana cikin haka ɗigon dusar ƙanƙara ya sauka a hannun rigar Zebulon, ya narke. Ya ga wani ya fara neman kwat ɗinsa.

Keziah ta tashi daga gindin tukunya. Ta shiga rumfa ta fito da tsohuwar gangar, wadda ta daɗe da mayar da ita mazubin wake, ta juye waken a kan bargo, ta mayar da fatar ta ɗaure tamau.

"Na ce miki ba zan ƙara kaɗa ta ba," in ji Zebulon a hankali.

Da gaske yake. A yaƙi, duk ranar da ya kaɗa kiɗan kai hari, bayan an gama sai ya ƙirga 'yan rundunarsu, kuma bai taɓa samun su cif ba. Ranar ƙarshe ƙanensa Jabez ne babu.

"To, Zeb, sai ka nemo ƙarin bargo," ta ce. "Ɗanka a fili zai zo."

Ta miƙa masa cokulan katako biyu.

Bugun farko fatar ta yi gunaguni kamar tsohuwar ƙofa. Na biyu ya fita sarai. Vogel ya ɗago kai, ido waje.

"Kai! Na san wannan kiɗan! Ranar da na ji shi ina sojan haya a ɓangaren Ingilishi, da takalmi ɗaya na isa daji!"

"Yau ba inda za ka, Bajamushe!" Phelim ya yi ihu. "Kama gwafa!"

Zebulon ya ja kiɗan, ya saki bugu mai nauyi, kafaɗu goma sha huɗu suka motsa tare. Ya ƙara, gungume ya hau taku ɗaya. Ya ƙara! Keziah na ihu tana riƙe da ciki, karnuka na haushi, dusar ƙanƙara na zuba a kan fatar tana tsalle da kowane bugu. Hannuwansa sun tuna abin da ya yi shekaru yana ƙoƙarin mantawa. Gungume ya kai bakin bango, ya yi jinkiri, ya mirgina, ya faɗa gurbinsa daram.

Huluna suka tashi sama. Phelim ya rungume Vogel, wasu tuni sun fara miƙa allunan rufi.

Zebulon ya tsaya da cokula a hannu, leɓɓansa na motsi. Keziah ta matso ta ji abin da yake cewa.

"Sha biyu, sha uku, sha huɗu."

Ya sake ƙirgawa daga farko, hawaye na bin gemunsa.

"Keziah," ya ce, "sun cika."