Sarauniyar da Baba Ya Bari a Fili

Tausayi a kan allon ces, wato darar Turawa, cin mutunci ne, kuma duk wanda ya ɗaga wa ɗansa ƙafa ya cuce shi. Shekara arba'in tsohon malamin lissafi yana faɗar haka, a aji, a falo, har a wajen ta'aziyya in ya samu fuska.

Autarsa, likitar haƙori, da wannan karatun ta tashi. Tana 'yar shekara shida ya cinye ta sau goma sha ɗaya a jere, ya ce ta je ta wanke fuska ta dawo.

Bana aka shirya wata gasar ces ta kowa da kowa, a zauren wata makaranta mai fanka biyu, ɗaya ke juyawa. A zagayen ƙarshe kwamfuta, da yake ba ta san zumunci ba, ta haɗa uba da 'ya. Maki ɗaya ya rage wa Auta ta shiga tawagar ƙasa, abin da ta yi shekara goma sha biyu tana bi.

A motsi na sha tara Baba ya ajiye sarauniyarsa a bakin dokinta, ya danna agogo.

Ta duƙufa neman tarko, don Baba ba ya kyauta. Minti ashirin tana lalube. Babu tarko. Sai idonta ya sauka kan takardar da yake rubuta wasansa. A gurbin abokin karawa, da kyakkyawan rubutun nan nasa, ya sa sunan mahaifiyarta, wadda ta shekara tara da rasuwa.

"Ke kullum sai shayi ya huce," ya ce ƙasa-ƙasa. "Yi wasa mana, yaran sun kusa tasowa daga makaranta."

Alƙalin gasa ya ɗora yatsa a baki.

Auta ta tura wani soja can gefe, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Faɗuwar ma sai da ta yi mata gumi, don sau biyu Baba yana maido mata da nasarar.

Da aka tashi ya dube ta, ya gane ta sarai.

"Auta, kin ga sarauniya a fili kin tsorata." Ya juya ga masu kallo. "Ku shaida, ko 'yar cikina ban ɗaga wa ƙafa ba."

"Haka ne, Baba."

Ta jawo takardarsa, ta soke sunan a hankali, ta rubuta nata a sama, ta kai wa alƙali. Ta dawo ta nemo masa sandarsa a ƙarƙashin tebur.